Allon Ƙofa da Bindigar Yaya

Shekaru kaɗan bayan an gama yaƙin basasa na buɗe gidan tuwo a Malumfashi, a bakin hanyar da ta fito daga tasha ta nufi kasuwa. Ɗaki ne guda mai tsawo, ginin ƙasa da rufin kwano, benci huɗu, tebur biyu, sai madafa daga baya inda muke tuƙi ni da wata dattijuwa maƙwabciyarmu. Maigidana malamin firamare ne a lokacin. Shi ya nema mini wurin, shi kuma ya roƙi mai ɗakin ya fasa mana taga ta biyu saboda hayaƙi. Tuwon dawa da na masara nake yi, da miyar kuka ko ta kuɓewa, ranar kasuwa in ƙara da shinkafa da wake. Mu Kirista ne, kowa ya sani, amma nama a hannun mahautan kasuwa nake saye, saboda haka babu mai ƙyamar abincina.

Masu cin tuwona direbobi ne da 'yan kamasho, sai mutanen ƙauye ranar kasuwa: manoma, Fulani masu kawo shanu kara wato kasuwar dabbobi, da maharba. A wancan zamani mutumin ƙauye ba ya fita hannu sake. Wani da adda, wani da gatari a kafaɗa, Bafulatani da sanda da takobi, maharbi da bindigar toka. Ba don faɗa ba. Hanya ce mai nisa ta cikin daji, ga birai na ɓarna a gonaki, ga macizai. In sun shigo sai kowa ya jingine nasa a bango ko ya tura ƙarƙashin benci. Ni ban taɓa damuwa ba, don na tashi ina ganin bindigar mahaifinmu rataye a ɗaki kamar sauran kayan gona.

Wata ranar kasuwa, cikin kaka, ɗakin ya cika har wasu na ci a tsaye. Wani tsohon maharbi daga wajen Musawa, wanda yakan kawo mini zabin daji, ya jingine bindigarsa a bango daidai bakin benci. Wani direba mai jiki ya gama ci ya miƙe, bencin ya ɗaga ya bugi gindin bindigar. Ina riƙe da mara cike da tuwo na ji ƙara kamar rufin ya faɗo mana. Hayaƙin albarushi ya turnuƙe ɗakin, mutane suka yi waje suna ture juna. Da hayaƙin ya lafa na ga randarmu ta fashe, ruwa na malala ƙarƙashin tebur, dattijuwar nan kuma tana zaune a ƙasa bakin ƙofar madafa, ta riƙe ƙwaurinta, jini na bin yatsunta. Ba ta yi kuka ba. Cewa kawai take yi, "Ku sauke tukunyar nan, za ta kama."

Direban ne ya ɗauke ta a motarsa zuwa asibiti. Aka ciro mata wani guntun ƙarfe, ta yi kwanaki a kwance, ta warke, sai dai har ƙarshen ranta takan ɗan yi ɗingishi. Maharbin ya zauna a ƙofata har la'asar yana hawaye, yana rantsuwa cewa bai ɗana ta ba. Na yarda da shi. Kullum sai ya je asibiti duba ta, har aka sallame ta.

Maigida ne ya ce a kafa allo a ƙofa. Ya rubuta kalmomin a takarda, na kai wa mai zanen motoci na tasha. Ya yi mana rubutun boko a sama, ajami a ƙasa: ba a shiga da makami, a ajiye a ƙofa. Saboda waɗanda ba su karatu ya zana bindiga da wuƙa, ya ja jan fenti a kansu. Bindigar da ya zana ta fi kama da muciya, amma an gane. Kafinta kuma ya yi mana dogon akwatin katako mai kwaɗo, muka ajiye shi daga ciki, gefen ƙofa.

Kafa allo ba wuya. Wuyar ita ce wa zai dubi dattijo mai furfura ya ce masa ya kwance takobinsa. Ni mace ce, shekaruna ba su kai talatin ba. Maigida kuma yana makaranta har azahar. Muna cikin wannan shawara yayana ya ce shi zai riƙa tsayawa ranar kasuwa.

Yaya shi ne babba a ɗakinmu. Ya shiga soja da yaƙi ya tashi, ya dawo bayan an gama, aka sallame shi, ya koma ƙauyenmu kan hanyar Funtua yana noman dawa da auduga a gonar mahaifinmu. Kafin ya tafi mutum ne mai barkwanci, shi ke sa mu dariya a wurin sussuka. Da ya dawo magana ta yi masa wuya. Ba ya faɗa, ba ya shan komai, ba ya fashin majami'a, amma sai ka zauna da shi tsawon yini bai yi maka magana goma ba. Duk ranar kasuwa yakan zo a kekensa, sanye da wata faffaɗar taguwa ko ana zafi, ya zauna a kusurwar da ke fuskantar ƙofa ya ci tuwonsa. Mutane na kiransa Kofur, kuma suna ganin girmansa. Shi da hannunsa ya buga wa allon ƙusa.

Aikin ya karɓe shi. Yakan sa kujera bakin ƙofa, makulli a hannu. In mutum ya zo sai ya gaishe shi, ya tambayi gida da hanya, sa'an nan ya nuna akwati. Wasu su yi dariya su ajiye, wasu su yi tsaki su wuce wani wuri, amma yawanci bayan mako biyu sai su dawo. Rigimar da muka fi sha ita ce ta mene ne makami. Wanzami ya ce askarsa kayan sana'a ce. Yaya ya ce in tana cikin zabira a ɗaure, ya shiga. Mahauci ya ce ai shi ma wuƙaƙensa kayan sana'a ne. Yaya ya ce haka ne, amma tsirara suke, sai akwati. Sanda a jingine ta waje. Lauje da adda, akwati. Wani manomi ya tambaya ko fartanya ma makami ce, Yaya ya ce sai in a hannun matarsa take. Wannan ne karo na farko da na ji ya yi wasa tun dawowarsa, har na leƙo daga madafa don in tabbata shi ne.

Saura abin da ba a gani. Akwai masu ɗaura wuƙa a damtse ƙarƙashin hannun riga, akwai masu soke ta a ƙugu. Wani sajan 'yan sanda yakan ci tuwo a wurina, sai wata rana na tambaye shi ko muna da ikon laluba mutane.

"A'a, mai tuwo," ya ce. "Ɗakinki ne, wanda kika ga dama shi zai shiga. In kin ce ba a shiga da makami, ko mai lasin ne, lasinsa bai buɗe masa ƙofarki ba. Ki ce ya ajiye. In ya ƙi, ki ce ya fita. In ya ƙi fita, ki aiko mana. Amma kada ki sa hannu a jikin kowa, kada kuma ki ƙwace abin kowa."

"To kai fa, Saja? In ka zo da taka?"

Ya yi dariya. "Bindigar gwamnati ba ta shiga akwatinki. In ina bakin aiki sai ki miƙo mini tuwona waje."

Daga nan muka tsaya kan tambaya. Yaya ya ce wa mutum, "Akwai wani abu a jikinka?" In ya ce babu, a yarda da shi. Haka muka yi wajen shekara guda lafiya lau.

Cikin masu zuwa akwai wani dattijon Bafulatani, dogo, mai sayar da shanu a kara. Mutumin kirki ne, yakan kawo mini man shanu daga wurin matarsa. Kullum yana ajiye takobinsa ba gardama. Wata rana ya naɗe hannun riga zai wanke hannu, sai ga kuben wuƙa ɗaure a damtsensa. Yaya ya hango daga ƙofa. Da ya taso ya raɗa masa a kunne, da shi ke nan. Amma daga inda yake zaune ya ɗaga murya.

"Baffa, na tambaye ka, ka ce babu."

Ɗakin ya yi tsit. Dattijon ya kwance wuƙar a hankali, ya taso ya miƙa wa Yaya da hannu biyu. Sa'an nan ya tsaya yana kallonsa.

"Na ba ka tawa, Kofur. Taka fa, wa za ka ba?"

"Wace tawa?"

"Tun ina ƙarami nake bin dabba. In saniya na ɗauke da ciwo a gefe ɗaya, daga tafiyarta nake ganewa. Kai ma haka kake tafiya. Tun ranar da na fara ganinka na san akwai ƙarfe a kwiɓinka na hagu. Ban faɗa wa kowa ba, don ba ruwana."

Ina tsaye da kwanon miya a hannu. Jira nake Yaya ya yi dariya, ko ya ɗaga taguwarsa ya nuna babu komai. Bai yi ba. Ya ajiye makullin kan tebur, ya ratsa ta tsakanin mutane, ya bi ta madafa ya fita baya.

Na same shi zaune kan tarin itacen girki. Na tsuguna gabansa.

"Yaya, gaskiya ne?"

Ya ɗaga gefen taguwar. Gajeruwar bindiga ce ƙirar maƙera, ba ta fi tsawon tafin hannu da rabi ba, ɗaure da ɗamarar fata a jikinsa. Inda take gogarsa fatar wurin ta yi baƙi, ta yi kanta.

"Da harsashi a ciki?"

"Ɗaya."

"Tun yaushe?"

"Tun watan da na dawo."

Can ya fara magana, idonsa a ƙasa. Bai taɓa ba mu labarin yaƙi ba sai ranar.

"Mun sauka bakin wani rafi, aka ce a ci abinci. Na jingine bindigata jikin itace. Taku uku ne tsakanina da ita. Muna ci a kwano ɗaya da abokina, tare aka ɗauke mu, tare muka yi horo. Ina kai loma ta biyu aka buɗe mana wuta daga ƙetaren ruwa. Taku uku, auta. Kafin in kai hannu ya faɗo kan kwanon." Ya goge fuska da hularsa. "Na san ko tana hannuna ba lallai in cece shi ba. Na sani. Amma tun ranar, in ba na jin ƙarfe a jikina, tuwo ba ya wuce mini maƙogwaro. Na gwada. Sai in ji kamar an shaƙe ni."

Tausayinsa ya kama ni har hawaye suka zubo mini. Amma ina jin hayaniyar mutane daga ciki, ina kuma ganin dattijuwar nan tana jan ƙafa tsakanin tukwane. Ga kunya, ga fushi. Shekara guda yana karɓar wuƙaƙen mutane da wannan abu a jikinsa.

"Yaya, da wane ido zan kalli mutanen nan? Abin da na hana kowa ba zan bar maka ba don kana ɗan'uwana. Ko ka sa ta a akwati, ko ka daina shiga."

Ya dube ni, ya ce, "To." Ya miƙe ya zagaya ta bayan ɗakin ya ɗauki kekensa. Tuwonsa na ranar bai ci ba.

Kasuwa uku bai zo ba. Labari ya zagaya tasha, 'yan kamasho suka samu abin yi: in mutum zai shiga sai su ce a fara laluba mai gadi. Wasu suka fara shigowa da addunansu don su gani ko zan yi magana. Dole na bar tuƙi na koma ƙofa da kaina. Na yi mamakin yadda bakina ya buɗe. Ashe in ka kori yayanka, ba ka jin nauyin kowa kuma. Sajan ma ya ji labarin, na tabbata, amma bai tambaye ni ba, ni ma ban ce masa komai ba.

Dattijon Bafulatanin ya zo a kasuwa ta biyu. Tun daga waje ya kwance takobi da wuƙar damtsen, ya sa su a akwati da hannunsa. Bayan ya ci ya tsaya bakin madafa.

"Mai tuwo, ina Kofur?"

"Bai zo ba, Baffa."

"Ban kyauta ba. Ya kunyata ni gaban mutane, zuciya ta ɗebe ni. Da na ja shi gefe. Ni wuƙar nan igiya nake yanka da ita, mantawa nake tana jikina. Shi kuwa tasa ba mantawa ba ce, na ga idonsa."

Ranar Lahadi bayan an tashi sujada na hau mota zuwa ƙauye. Mahaifiyarmu ko gaisuwata ba ta gama amsawa ba ta ce, "Ke ce kika kori yayanki saboda katako?" Matar Yaya ta ja ni ɗakinta. Ta ce ita ta daɗe da sanin yana da bindigar, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, har Inna. Ta ce bai taɓa nuna wa kowa ita ba, bai taɓa harba ta ba, ko kaza bai taɓa tsorata da ita ba. In zai yi wanka sai ya rataye ta inda hannunsa zai kai. Ta ce tun da ya dawo daga wurina ba ya zuwa ko'ina sai gona.

A gonar audugar na same shi. Ba aiki yake ba, Lahadi ce, yana dai zagayawa yana duba ganye. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar babu abin da ya faru. Muka yi maganar tsutsa da maganin feshi. Sai da na gaji da kewaye-kewaye na ce masa, "Yaya, ban janye maganata ba. Amma allon nan cikin ɗaki ya hana, bai hana waje ba. Akwai dalbejiya a ƙofa. Zan sa benci a gindinta."

"Ki ajiye ni waje kamar kare?"

"Saja ma in ya zo da tasa a waje yake ci."

Ya yi ɗan murmushi, bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Ya tsinko mini kuɓewa daga gefen gona ya cika mini gyale.

Kasuwa ta gaba ya zo. Ya jingine keke, ya zauna kan bencin gindin dalbejiya, ya ba itacen baya. Na kai masa tuwo da kaina. Mutane na wucewa suna satar kallonsa. Can sai ga dattijon Bafulatanin ya fito daga ciki riƙe da kwanonsa, ya je ya zauna a ɗaya bakin bencin. Ban ji sun yi wata doguwar magana ba. Na dai ga ya buɗe 'yar ƙwaryar man shanunsa ya ɗiba ya sa wa Yaya a miya. Daga ranar tare suke ci. A hankali bencin ya zama wurin duk wanda ba ya son rabuwa da abinsa. Maharba suka koma can, har da tsohon nan na wajen Musawa, wanda tun ranar da bindigarsa ta tashi kunya ta hana shi zuwa. Sai da na ƙara benci na biyu.

Haka aka yi har damina. Wata ranar kasuwa da azahar hadari ya taso ba shiri, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Mutanen waje suka zuba kayansu a akwati suka shigo a guje. Na leƙa ta taga na ga Yaya shi kaɗai, ya raɓe jikin bango ƙarƙashin bakin kwanon rufi, ya rufe tuwonsa da hula, ruwa na dukan bayansa. Zuciyata ta ce in kira shi ya shigo haka nan, wa zai ce wani abu? Na kama bakina. Har yau ban san ko taurin kai ne ya hana ni ko gaskiya ba.

Ina cikin kwasar tuwo na ji an taɓa ƙofar baya. Yaya ne, jiƙe sharkaf. Ya miƙo mini wani abu naɗe cikin tsohon buhun taki. Na karɓa, na ratsa ta cikin mutane, na sa a can ƙasan akwati na kulle. Kwaɗon yana da makulli biyu. Na ciro ɗaya na dawo na danƙa masa a hannu.

"Riƙe. Duk sa'ad da ka so, ka buɗe ka ɗauka."

Ya zauna a kusurwarsa ta dā. Dattijon Bafulatanin ya matsa masa wuri. Ya dunƙule makullin a hannun hagu, yana ci da dama. Ana sanyin ruwa amma gumi ke tsattsafo masa a goshi. Ina ƙirga lomarsa daga madafa: huɗu ya yi, ya ture kwanon. Ruwa na tsagaitawa ya buɗe akwati ya ɗauki abinsa ya tafi.

Ba zan ce daga ranar ya warke ba. Wata kasuwar ya shigo, wata ya zauna waje. Akwai lokacin da ya yi wata biyu bai taka cikin ɗakin ba, ban kuma tambaye shi dalili ba. Amma in ya shigo, lomar na ƙaruwa. Makullin ya zama nasa, ya sa masa zare ya rataya a wuya. Muka yi shekaru a haka. Na haifi 'ya'ya biyu a tsakani, aka yi wa maigida canjin makaranta, aka fara maganar 'yan fashi a hanyar Funtua, shingayen bincike suka yi yawa. Kullum Yaya ya hau keke zai koma sai gabana ya faɗi, don na san ba shi da takardar komai, in aka kama shi da bindigar sai gidan yari.

Wata shekara auduga ta yi kyau, Yaya ya yi niyyar sayen shanun huɗa. Ranar da zai saya suka zauna ciki shi da dattijon, suna ci suna musu. Dattijon na cewa ya ɗauki wasu bijimai biyu farare da ya kawo, Yaya na cewa ɗayan ya cika ƙanƙanta. Murya har waje. Ban taɓa jin Yaya ya yi surutu haka ba tun kafin yaƙi. Suka wanke hannu suna musu, dattijon ya ɗauki takobinsa, suka fita suka nufi kara suna musu.

Da la'asar, kasuwa ta watse, na buɗe akwati don in share shi. Buhun takin na nan a ƙasa. Na zauna kan benci na jira, ina cewa yanzu zai dawo a guje. Har na rufe ɗakin bai dawo ba. Na gaya wa maigida, ya ce kada in taɓa, kada kuma in aika masa. Mako guda cur na yi da abin nan a ɗakina, kullum da safe sai na leƙa na ga yana nan.

Ranar kasuwa ya zo da hantsi, kafin mutane su taru. Ya shigo har madafa, ya ciro zaren daga wuyansa ya ajiye mini makullin kan murfin tukunya.

"Sai da na kai shanun gida, na ɗaure su, na tuɓe riga, sa'an nan na tuna," ya ce.

"Ka ci tuwo a kwanakin nan?"

"Na ci. Ranar farko da ƙyar. Na ɗauki keke sau biyu zan taho, na mayar." Ya dubi akwatin. "Ba na son in sake ɗaura ta, auta. In na ɗaura ba zan kwance ba. Amma ban san inda zan kai ta ba."

Maigida ne ya kawo shawarar a kai wa dagacin ƙauyenmu, wanda ya san Yaya tun yana goye. Ranar Asabar maigida ya ɗauki Yaya a babur, buhun takin a tsakaninsu, ni kuma na wuni ina kallon hanya. Sai bayan la'asar maigida ya dawo shi kaɗai, ya bar Yaya a gida. Ya ce dagacin ya buɗe buhun ya duba, ya sa an cire harsashin, ya ce zai miƙa ta ga hukuma da kansa, kuma ba sai ya faɗi daga inda ta fito ba. Bai yi wa Yaya faɗa ba, tambayarsa kawai ya yi ko shanun sun fara sabawa da garma.

Na tambayi maigida abin da ya tsayar da su har yamma. Ya ce da suka fito daga gidan dagaci Yaya ya sa shi ya bi ta fadama, ya sayi rake, suka zauna gefen hanya suna sha. Wai tun da suka zauna har raken ya ƙare Yaya ƙorafi yake yi cewa Bafulatanin nan ya cuce shi, ƙaramin bijimin ƙiwuya gare shi, in ana huɗa an kai tsakiyar kunya sai ya kwanta.